Wasiƙa Daga Bayan Oti

Mu goma sha bakwai ne a ƙungiyar.
Daren Alhamis muke zama a shagon Mumuni tela, nan Asawasi,
keke a lulluɓe, fanka na kukan tsufa,
kowa ya jefa sidinsa a gwangwanin madara.
Ni ke riƙe da littafin kuɗi,
ni da ban san baƙi ba sai da na haura arba'in,
sai da furfura ta fara leƙo ni a madubin mota.

Shekara biyu muna tari.
Hajiya Adiza ta so rijiya, Tanko ya so ƙwallo da riguna,
aka yi ta musu har shayi ya huce,
daga bisani aka tsaya a kan littafi,
ba na Turanci ba, ba na Hausarmu ba,
na harshen Konkomba, can bayan kogin Oti,
inda hanya ke yin shiru ta bar wa kwalekwale sauran magana.

Kwali tara. Ni na ɗaure su.
Na buɗe guda kafin in rufe:
ga doya, ga akuya, ga mace da tulu.
Haruffan na san su, amma sun ƙi gaishe ni,
har da wani "o" mai buɗaɗɗen baki
da wani "n" mai wutsiya.

Damina ta zo ta wuce. Shiru.
Tanko ya ce gara ta ci,
ko an ƙulla gyaɗa da su a kasuwa.
Ban tanka ba. Mai gona a nesa
ba ya musu da mai tsiya.

Sai wata safiya a Kejetiya
direban motar doya ya miƙo mini takarda ninki huɗu,
tana ƙanshin hayaƙi.
Fensir ne, an danna shi har ya huda wuri biyu.
Daren nan ta zaga hannu goma sha bakwai.
Malam Fuseini mai digiri ya gyara tabarau, ya dawo da ita.
Mu da muka aika karatu,
ga mu jahilai a gaban amsa.

Kashegari na nemo Nakol,
mai ɗaukar kaya a layin 'yan tumatir.
'Yar can ce, shekara shida rabonta da gida.
Ta kife kwanonta ta zauna a kai.
Ita ba ta karatu, ni ba na jin yaren.
Na ce, ni in furta, ke ki ji.

Na fara, gaɓa-gaɓa,
kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi.
Ta yi dariya, ta gyara mini baki,
na sake, ta sake gyarawa,
can sai dariyar ta ɗauke.

"Tsohuwa ce," in ji ta.
"Ta ce da, in malamin gona ya zo, yatsa take dangwalawa,
yanzu tawada ta ƙyale babban yatsanta.
Ta ce jikanta ne malaminta, kuma ba shi da haƙuri.
Ta ce littattafan sun yi kaɗan.
Ta ce labarin akuyar nan ƙarya ne,
akuya ba ta yin haka."

Na karanta layin ƙarshe, sunan.
Wannan ba ta fassara ba.
Ta karɓi takardar, ta riƙe ta a juye.
"Na san gidan. Akwai ɗorawa a ƙofarsa."

Mai tumatir na ta ƙwala mata kira.
Ba ta waiga ba.
Ta sa yatsa a wurin da fensir ya huda,
ta ce in nuna mata inda sunan ya fara.

Da dare na buɗe littafin kuɗi.
Har aka kira assalatu
ban san inda zan sa wannan ba,
a shiga ne, ko a fita.